Yadda Baba Mwende Ya Tara Makin Zuwa Landan

A layinmu na unguwar Umoja babu wanda bai san Mutisya ba, wanda muke kira Baba Mwende. Akawu ne a wani shagon tayil da ke unguwar masana'antu, gajere mai ɗan tumbi, kuma tun da nake da shi ban taɓa jin an ɗauko wata magana ya ce bai san ta ba. Ni sunana Ombati. Shagon askina yana bakin ƙofar benen da muke haya, saboda haka duk abin da ya faru a gidan nan, ko dai a gabana aka yi shi, ko kuma a kan kujerata aka ba da labarinsa.

Wata Asabar cikin watan Maris ya shigo aski. Kafin ya zauna sai ya zaro wani kati mai ruwan zinare ya ɗora a kan teburin da nake ajiye almakashi, ya ja da baya don kowa ya gani. Ya ce katin bashi ne banki ya ba shi, kana saye yau ka biya ƙarshen wata. Amma ba wannan ne sirrin ba. Sirrin shi ne, duk shilin ɗari da ka kashe da katin, banki zai rubuta maka maki ɗaya, idan makin ya taru sai ka mayar da shi tikitin jirgin sama.

"Disamba mai zuwa ni da Mama Mwende muna Landan," in ji shi. "Ko sisi ba zai fita daga aljihuna ba."

Mzee Waithaka, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke wuni a shagona yana karanta jaridar jiya, ya sauke tabarau ya dube shi.

"Bankin na kawunka ne?"

"Mzee, ku a zamaninku in kun kashe kuɗi sun tafi ke nan. Mu yanzu in mun kashe, suna barin 'ya'ya a baya."

Da na gama askin ya miƙo mini katin. Na ce masa ni ba ni da na'urar da ake goga shi, ya turo ta waya kamar kullum. Ya girgiza kai, ya ce irin wannan ci-bayan ne ya sa har yau ban wuce kujera ɗaya ba.

Matsalar da bai hango ba ita ce, duk layinmu babu mai karɓar kati. Mai kayan miya ba ta karɓa, mai gawayi ba ya karɓa, mai gasa masara kuwa da aka nuna masa sai ya tambaya ko katin asibiti ne. Sai Baba Mwende ya kafa doka a gidansa: daga yau ko albasa ɗaya sai a babban kanti. Matarsa Nduku, wato Mama Mwende, mace ce mai haƙuri da ƙarancin magana, malamar makarantar 'yan yara. Ta faɗa masa tumatir a can ya ninka na bakin titi sau biyu, ya ce ta daina kallon tumatir ta kalli Landan. Daga baya ta gaya wa matata cewa shekararsu ashirin da aure, ba ta taɓa taka ƙafarta cikin jirgin sama ba, don haka in ma hauka ne za ta bi shi ta ga ƙarshensa.

Bayan wata biyu ya duba makinsa, ya ga bai kai na zuwa Kisumu da ke nan cikin ƙasarmu ba. Nan ya gane cefanen gida ɗaya ba zai kai mutum Turai ba, sai an haɗa da na maƙwabta.

Ya fara da wutar lantarki. Kowane gida a benenmu da mitarsa, kana saye a turo maka lambobi ka danna. Ya bi ƙofa-ƙofa ya ce kowa ya ba shi kuɗin wutarsa a hannu, shi zai saya da kati, ba ruwan kowa da wahala. Gida bakwai suka yarda, har da ni. Ya zauna a shagona yana latse-latsen waya yana fito, ya rubuta wa kowa lambobinsa a 'yar takarda, ya raba kamar mai raba sakamakon jarrabawa.

Na danna nawa, mita ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Kafin in fito sai ga Mama Akoth, tela da ke hawa na biyu, kuma shugabar adashin matan layinmu, ta sauko da rigar amarya a kafaɗa. Wutarta ta ƙare tana tsakiyar ɗinki, ga biki jibi, ga mita tana ƙin lambobi. Ɗaya bayan ɗaya masu takardu suka taru a tsakar gida. Baba Mwende ya ce mitocin ne tsofaffi. Mzee Waithaka kaɗai ya ce tasa ta karɓa lafiya. Ya karɓi takardata ya je ya gwada, ta karɓa. Ya karɓi ta Mama Akoth, ta karɓa. Ashe lambar mitar Mzee ce Baba Mwende ya fara sakawa, wayar ta riƙe ta, duk sayayya bakwai a kanta suka sauka.

Mzee Waithaka, wanda kwan fitila biyu da rediyo ne kawai a ɗakinsa, ya wayi gari da wutar da za ta kai shi shekara biyu. Kafin la'asar wayoyi sun fito ta tagarsa sun bi bango kamar yaɗon kabewa. Mama Akoth ta kai keken ɗinkinta falonsa, mata suka yi layi da dutsen guga, shi kuwa yana zaune a ƙofa yana cewa a bi a hankali, kamfani ba ya son hayaniya. Dole Baba Mwende ya sake saya wa gida shida wuta daga aljihunsa. Ya ce ba asara ba ce, maki ne ya ninku.

Ƙarshen wata maki bai motsa ba. Ya kira banki a gabanmu, ya buɗe murya don mu ji yadda ake yi wa ma'aikata faɗa. Yarinyar da ta ɗauka ta gaya masa cikin ladabi cewa biyan kuɗin wuta da na ruwa ba ya kawo maki, yana rubuce a shafi na tara na takardar da ya sa wa hannu. Ya kashe wayar ya ce dama yana sake tunani a kan Landan. Sanyin Disamba a can ba ya yi wa Mama Mwende kyau, ga ta da ciwon gwiwa. Dubai ta fi.

Na zaci daga nan babu mai ƙara ba shi ko kuɗin ashana. Amma Baba Mwende yana da baki. A watan Agusta matan adashi suke haɗa kuɗi su sayi gari da mai da sukari a sari su raba. Ya yi ta bin Mama Akoth, ya ce zai ɗauki nauyin motar da za ta kawo kayan har ƙofa, su dai su bar shi ya biya da kati. Kyautar mota ta ja hankalin matan, aka ba shi takardar kaya.

A kantin ya tarar da allo an rubuta cewa wani garin masara yana ba da maki ninki uku. Bai tsaya tambayar dalili ba, ya sa aka loda dami talatin. Da aka sauke a tsakar gida, Mama Akoth ta farke leda ɗaya, ta zuba a tafin hannu. Garin rawaya ne. Matan suka matso suna leƙe. Wata ta ce rabonta da ganin ugali rawaya, wato tuwon jar masara, tun tana 'yar firamare, shekarar da aka yi fari ana rabon agaji.

"Baba Mwende, yunwa aka ce maka ta shigo Umoja?" in ji Mama Akoth.

"Mama, wannan shi ne Turawa suke ci. Ya fi gina jiki."

"To ai kai ne mai shirin zuwa wajensu. Ka fara sabawa tun yanzu."

Kantin ya ce kayan rangwame ba a mayarwa. Aka kwashe dami talatin aka jibge masa a falo har suka rufe talabijin, ya sayo wa mata farin gari. Tun daga ranar gidan Baba Mwende ba a ƙara tuƙa farin ugali ba. Har kunun safe rawaya ne. Yana zuwa aski yana cewa ƙarfi yake ji a jikinsa kamar ɗan shekara ashirin.

Sai kuma wani abokin aikinsa ya koya masa dabara: ka sayi abu mai tsada da kati, maki ya shiga, bayan kwana biyu ka mayar da kayan a ba ka kuɗinka. Ya zaɓi firji mai ƙofa biyu, irin wanda ake gani a gidajen masu kuɗi na unguwar Karen. Na ce masa tunda mayarwa zai yi, ya bar shi a cikin kwalinsa a ƙasa. Ya ce a'a, sai Mama Mwende ta ɗanɗana ruwan sanyinsa ko na kwana biyu ne.

Maza huɗu muka ɗauka, shi yana sama yana ba da umarni. A kwanar bene tsakanin hawa na ɗaya da na biyu, ya ce a karkata hagu, muka ce dama, ya ce shi ya yi shekara goma sha biyar yana auna ɗakuna. Muka karkata hagu. Firji ya shiga tsakanin bango da ƙarfen bene ya zauna daram, ba gaba ba baya. Kwana biyu ya yi a nan. Mutanen sama suna haurawa ta kansa su tafi aiki, mata suna tattare siket suna tsine wa Dubai. Wani fasto da ke hawa na uku ya sauko ta kansa ranar Lahadi da kwat da Littafi a hammata, an ce huɗubarsa ta ranar a kan girman kai ya yi ta. Da aka samu aka ciro shi, ƙofa ɗaya ta lotse, fenti ya kwarzane. Kantin suka duba suka ce wannan ya zama nasa har abada. Firjin ya ƙare a lungun shagona, muna sa soda a ciki.

"Da na mayar, ashe ma cire makin za su yi," in ji shi bayan ya sake karanta takardar banki. "Ka ga ni na ci riba."

A watan Nuwamba ya zauna yin tikiti. Nan ya gano cewa in an mayar da makin banki zuwa na kamfanin jirgi, rabi yake komawa, kuma harajin filin jirgi da kuɗi ake biyansa, ba da maki ba. Ya yi kwana uku ba ya tsayawa a shagona. Rana ta huɗu ya shigo da takarda a hannu yana murmushi, ya ce an gama, Zanzibar, kwana biyar.

Mzee Waithaka ya ce shi ya san wata mata mai sayar da atamfa da take zuwa can a bas da jirgin ruwa duk wata.

"Ita da kuɗinta take zuwa, Mzee. Ni kyauta."

"Zanzibar ɗin ma ƙasar waje ce?"

"Duk inda za a buga maka hatimi a fasfo, waje ne. Dubai ta cika da mutane, yanzu masu kuɗin gaske tsibiri suke nema."

Nduku ba ta damu da wannan gardama ba. Ta je da kanta ta yi layi ta karɓi sabon fasfo, ta kai wa Mama Akoth yadi aka ɗinka mata riguna biyu, ta yi kitso. Ta tambayi mijin ko ta haɗa takardunsu wuri ɗaya, ya ce ta bar harkar takardu a hannun wanda ya san ta. Ranar jajibiri ya sayo manyan kwaɗuna biyu ya ƙara wa ƙofarsu ta ƙarfe, ya ce ɓarayi suna bibiyar gidajen matafiya. Ya kuma canza duk kuɗin aljihunsa zuwa na Tanzaniya.

Jirgin na ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne. Duk da wuta da gari da firji, babu wanda ya so a bar shi a baya, domin mun sha wahalar tafiyar nan kamar tamu ce. Muka haɗa kuɗi muka ɗauki shatar matatu guda, ƙaramar bas ɗin haya. Baba Mwende ya zauna gaba da rigar furanni da hular kaba da baƙin tabarau, yana yi wa direba bayanin yadda ake ɗaure bel a jirgi. A baya mata suna waƙa, Nduku tana tsakiyarsu ta rungume jakarta a cinya.

A ƙofar shiga, inda 'yan rakiya suke tsayawa, akwai ma'aikaci mai duba tikiti da fasfo. Muka jeru a bayan ƙarfe, taku biyar tsakaninmu da su. Baba Mwende ya juyo ya ɗaga mana hula, ya ce wa Mzee me zai kawo masa tsaraba. Ma'aikacin ya duba na Nduku ya mayar mata. Ya buɗe na mijin, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira wata ma'aikaciyar kamfanin jirgin da ke tsaye kusa.

Ta duba, ta ce masa fasfon ya daina aiki tun watan Satumba.

Ya yi dariya ya ce ta sake dubawa, fasfon nan sabo ne fil, ko sau ɗaya ba a taɓa amfani da shi ba. Ta ce ta gani, babu hatimi ko ɗaya a ciki, amma shekararsa goma da 'yan watanni. Ashe tun wani lokaci da aka yi masa alkawarin aiki a Doha ya yi shi, aikin bai samu ba, ya jefa a akwati. A tunaninsa fasfo sai an yi tafiya da shi yake tsufa.

"'Yata, kin san ko ni wane ne a wajen kamfaninku?" Ya zaro katin zinare ya ɗaga. "Wata tara nake tara wannan tafiya."

"Baba, katin yana da kyau. Fasfon ne ya mutu."

Ya ce a kira manaja. Ta ce ko manaja ya zo ba shi ne mai shige da fice ba. Ta ƙara da cewa akwai takardar wucin gadi da ake iya nema, amma ba a cikin minti arba'in da suka rage ba, kuma irin tikitinsa, mafi arha a cikin na maki, ba a ɗaga shi zuwa wata rana. Layi ya taru a bayansu. Wani Bature mai jakar goyo yana ta duba agogo. A ɓangarenmu na ji kafaɗar Mzee Waithaka tana rawa a jikin tawa, yana danne dariya.

Baba Mwende ya gyara hula, ya kama hannun akwati, ya ce wa matarsa su tafi gida, wannan kamfani bai san darajar abokan cinikinsa ba, zai rubuta musu wasiƙar da ba za su manta ba.

Nduku ba ta motsa ba. Ta tambayi ma'aikaciyar ko nata tikitin yana da matsala. Aka ce lafiyarsa ƙalau.

"Baba Mwende," in ji ta a hankali, "wata huɗu ina cin ugali rawaya."

"To ai shi ya sa nake cewa..."

"Sakar mini akwatin."

Ya saki. Ina jin bai ma san ya saki ba. Ta ja akwatin, ta juyo ta ɗaga mana hannu, Mama Akoth ta rangaɗa guɗa har 'yan sanda suka waiwayo. Ƙofar gilashi ta buɗe ta rufe, muka ga bayan sabuwar rigarta ya ɓace cikin mutane.

A hanyar dawowa ya ƙi zama gaba. Ya shige can baya kusa da taga, bai cire tabarau ba. Da muka kusa unguwar Donholm sai ya ce in an duba da kyau hutun mace ita kaɗai ya fi amfani, likitoci ma sun faɗa. Direba ya ƙara sautin rediyo.

Da muka iso gida ya hau sama. Ba a yi minti biyar ba ya sauko ya tsaya a ƙofar shagona yana laluben aljihu. Makullan sababbin kwaɗunan, duka da na ajiya, ya ba Nduku da safe ta sa a jakarta don kada su faɗi a jirgi. Kayan sawarsa kuma suna cikin akwatin da ya saki. Abin da ya rage masa a duniya shi ne rigar furanni, hular kaba, da kuɗin Tanzaniya da ko mandazi, ɗan fanken shan shayi, ba za su saya masa a Umoja ba. Na ce a kira mai walda ya yanke kwaɗunan. Ya ce ba zai lalata kwaɗo sabo dal ba saboda kwana biyar.

Mzee Waithaka ne ya ba shi doguwar kujerar falonsa. Kwana biyar yana kwana a nan, yana wanke rigar furanni da yamma ya shanya a taga, ya ɗaura zanen Mzee ya jira ta bushe. Da yake ya riga ya ɗauki hutu a wurin aiki, kuma ya gaya wa kowa a can cewa yana bakin teku, bai isa ya leƙa titi ba. Wuni yake a shagona a bayan labule. Kullum da hantsi sai wayar Mama Akoth ta yi ƙara, ta sauko ta nuna mana hoto: Nduku a cikin kwalekwale, Nduku da ɗanyar kwakwa, Nduku ta tsoma ƙafa a ruwa tana dariyar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Shi ma yana miƙo wuya ya kalla, ya ce otal ɗin shi ya zaɓa.

Ranar da ta dawo, tasi ta sauke ta a ƙofar gida da rana tsaka, fuskarta tana sheƙi, tana ƙamshin kanumfari. Duk gidan aka fito. Ta rarraba tsaraba, Mzee ya sami hula, Mama Akoth ta sami kayan yaji, ni ma na sami sabulu. Baba Mwende yana tsaye gefe cikin rigarsa da ta koɗe, yana jiran abin da zai biyo baya. Mu ma shi muke jira.

Ta buɗe jaka ta ciro makullan, ta sa masa a tafin hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba Mwende, ban taɓa hutawa irin wannan ba tun da aka haife ni. Baɗi ma ka shirya mana, daidai yadda ka shirya wannan."

Tsakar gida ta kece da dariya, har fasto sai da ya dafa bango. Baba Mwende ya tsaya yana jujjuya makullai a hannu, yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Na ga ƙirjinsa yana tasowa a hankali. Ya matso kusa da ni ya dafa kafaɗata.

"Ombati, ka dai ji da kunnenka," in ji shi. "Wata tara kuna yi mini dariya. A cikinku wa ya taɓa kai matarsa waje?"